Me Ya Sa Jirgin Ƙasa Ke Kai-Komo Babu Fasinja Kafin A Buɗe Sabon Layi?

Tambaya: An gama shimfiɗa layin dogo, tashoshi sun sha fenti, jirage sun iso. Sai a ga jirgi yana kai-komo wata da watanni babu ko fasinja ɗaya a ciki, ana cewa wai gwaji ake yi. Mene ne ake gwadawa haka da ba ya ƙarewa, kuma wane darasi masu wannan sana'a suka koya daga irin wannan gwaji?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma kana da abokan yin ta da yawa. Na daɗe ina aikin karɓar sababbin layuka daga hannun 'yan kwangila a miƙa wa masu gudanar da sufuri, kuma duk inda na yi aiki sai an tare ni da wannan magana, tun daga 'yan jarida har zuwa shugabannin da suka ƙosa a yanke ƙyalle. Wanda ke tsaye a gefen layi yana ganin taragai babu kowa, sai ya ɗauka ɓarnar wuta da lokaci ake yi. Mu da ke ciki kuwa, watannin nan su ne kaɗai lokacin da layin zai iya lalacewa son ransa ba tare da an bar uwa da goyo a cikin rami mai duhu ba. Shi ya sa a kwanakin gwaji, ranar da komai ya tafi sumul ba ta cika faranta mini rai ba. Na fi son ranar da wani abu ya ɓaci, muka gano dalili, muka rubuta.

Abin da jama'a ke kira gwaji da baki ɗaya, a wurinmu abubuwa uku ne, kuma masu yin su ma sun bambanta. Na farko na injiniyoyin da suka gina layin ne: a gwada kowace na'ura ita kaɗai a tsaye, sannan a saki jirgi ɗaya a hankali, a ƙara masa gudu, a auna birki, a duba ko waya mai ba da wuta tana zaune daidai, a loda wa taragai buhunan yashi ko gangunan ruwa don su yi nauyin mutane. Na biyu shi ne wanda ka gani: a riƙa tafiyar da jirage da yawa bisa jadawali, kamar an buɗe, amma babu fasinja, don a ga ko layin zai jure aikin yau da gobe. Na uku kuma ba ƙarfe ake gwadawa ba. Mutane ake gwadawa: direbobi, ma'aikatan tasha, masu zama a ɗakin kula da zirga-zirga, makanikai, 'yan kwana-kwana, 'yan sanda da ma'aikatan motar asibiti.

Ramin jirgin ƙasa na Gotthard a ƙasar Suwizalan, mai tsawon kilomita 57, ya nuna wannan rabon aiki a fili. Kamfanin da ya gina shi ya yi nasa gwajin daga Oktoban 2015 zuwa Mayun 2016, har an kai jirgi gudun kilomita 275 a awa. An yi bikin buɗewa ranar 1 ga Yunin 2016. Duk da haka cikakken jadawalin fasinja bai fara ba sai 11 ga Disamba, domin hukumar jiragen ƙasar ta karɓi ramin ta yi nata gwajin da nata ma'aikatan. Wanda ya gina ya tabbatar cewa abin da ya gina yana aiki. Wanda zai zauna da abin shekara da shekaru kuma sai ya tabbatar wa kansa cewa zai iya da shi. A Landan ma haka aka yi da layin Elizabeth: gudu bisa jadawali ya fara a Mayun 2021 da jirage 4 a awa, aka ƙara zuwa 8, sannan 12. Atisayen ma'aikata ya fara a Nuwamban shekarar, aka buɗe ranar 24 ga Mayun 2022. Shekara guda cur ke nan jirage na bi ta ƙarƙashin birnin ba su ɗauki mai tikiti ko ɗaya ba.

Darasi na farko da kowa ke koya da wuya shi ne, na'urorin da kowace ta ci jarrabawa ita kaɗai suna iya faɗuwa idan an haɗa su. Kamfani ɗaya ya ƙera jirgi, wani ya yi sigina, wato na'urorin da ke ba jirgi izinin tafiya ko tsayawa, wani ya kafa ƙofofin gilashi a bakin dandamalin tasha, wani ya sa fankokin fitar da hayaƙi, wani ya haɗa rediyo. Kowa ya zo da takardar shaida cewa nasa lafiya lau. Sai jirgi ya shigo tasha ya tsaya ya gota da ɗan taƙi kaɗan, ƙofar dandamali ta ƙi buɗewa domin kwamfutarta ba ta yarda jirgin ya daidaita ba. Laifin wa? Mai jirgi ya ce na mai sigina ne, mai sigina ya ce na mai ƙofa ne. Matsalar tana zaune ne a tsakaninsu, inda babu wanda ya sa hannu a kwangila. Jiragen layin Elizabeth suna magana da tsarin sigina iri uku: ɗaya a ramin tsakiyar birni, ɗaya a reshen filin jirgin sama na Heathrow, ɗaya kuma tsohon tsarin da ke kan layukan da aka gada a gabas da yamma. Dole jirgi ya saki wannan ya kama wancan yana cikin tafiya ba tare da ya taka birkin gaggawa ba. An tsara buɗe layin a Disamban 2018, sai a ƙarshen Agustan shekarar aka fito aka ce ba zai yiwu ba. An riga an gama haƙa ramuka da shimfiɗa dogo tun kafin nan. Abin da ya ci shekara uku da rabi shi ne ƙarasa tashoshi da sa manhajojin nan su fahimci juna.

Gudu bisa jadawali kuwa maganar lissafi ce. Sabuwar na'ura tana da abin da muke kira ciwon yarinta: a watannin farko ne kusoshin da ba a ɗaure da kyau ba, da wayoyin da aka haɗa a gurguje, da kurakuran manhaja suke bayyana. Bayan nan sai ta lafa ta yi shekaru, kafin tsufa ya kawo nasa. Babu dabarar tsallake wannan ciwo, sai dai a tara kilomitoci. Muna auna nisan da jirage suka yi kafin a samu matsalar da ta jawo jinkirin wasu mintuna, mu zana shi mako bayan mako. Idan zanen yana hawa, ana samun sauƙi. Idan ya kwanta wuri ɗaya, akwai cutar da ba a gano ba. A ƙasar Sin ƙa'ida ce cewa sabon layin jirgin birni sai ya yi aƙalla wata uku yana gudu babu fasinja, kuma kwana 20 na ƙarshe bisa ainihin jadawalin da za a buɗe da shi. Ina ganin hikimar rubuta wannan a doka: ya fitar da maganar daga hannun wanda ke da sha'awar gajarta ta.

Akwai kuma abin da ba a cika kulawa da shi ba a wannan mataki, wato dare. Layi yana da 'yan awoyi tsakanin jirgin ƙarshe da na asuba, kuma a cikinsu ne za a kashe wuta, makanikai su shiga, su duba dogo, su gyara, su ƙirga kayan aikinsu, su fito, a maido da wuta. In ba a gwada wannan ba tun kafin buɗewa, ranar farko da aka makara da rabin awa wajen miƙa layi, duk jadawalin safiya ya wargaje.

To, mu zo kan atisaye, wanda a nan ne na fi koyon abubuwa. A layin Elizabeth an shirya yanayi fiye da 150, wasu da dubban 'yan sa-kai da suka yi kamar fasinjoji. Irin abubuwan da ake shiryawa a ko'ina kusan ɗaya ne: jirgi ya mutu a tsakiyar rami a fitar da mutane da ƙafa, hayaƙi ya tashi a tasha, fasinja ya yanke jiki ya faɗi, an tsinci jakar da babu mai ita, wuta ta ɗauke, sigina ta mutu a koma tafiyar da jirage da umarnin baki ta rediyo, jirgi ɗaya ya je ya turo ɗan'uwansa da ya lalace. Kowane yana da takardar da ta bayyana wa zai yi me, kuma kowace takarda tana da kyau a kan tebur.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana a wani layi da ba sai na ambaci sunansa ba. Mun shirya atisayen fitar da mutane daga rami. Direba ya yi sanarwa daidai, ɗakin kula ya kashe wuta daidai, 'yan sa-kai suka sauko suka bi hanyar gefe a layi ɗaya, har da mai keken guragu da aka tanadar wa abin ɗauka. 'Yan kwana-kwana suka iso bakin ƙofar gaggawa da ke sama a kan lokaci. Sai aka tsaya cirko-cirko: makullin ƙofar yana aljihun wani ma'aikacin ɗan kwangila da ya tashi aiki tun la'asar. A takarda an rubuta cewa makullin yana ofishin tasha. Shugaban tashar bai taɓa ganinsa ba, kuma bai san ya kamata ya nema ba. Da aka fasa kwaɗon aka shiga, sai ga ta biyu: rediyon oba-oba na 'yan kwana-kwana ba ya kamawa a tsakiyar matakalar, daidai inda kwamandansu zai tsaya. Babu injiniyan da zai gano waɗannan biyun a kwamfuta. Sai an tara mutane da tsakar dare an ce su yi abin da gaske. Washegari muka bi duk ƙofofin layin ɗaya bayan ɗaya da jerin makullai a hannu, kuma ba ita kaɗai ce mai wannan lalurar ba.

Ɗakin kula da zirga-zirga shi ma yana da tasa cutar. Kowane kamfani yana so na'urarsa ta yi ƙara idan wani abu ya same ta, komai ƙanƙantarsa. Idan aka haɗa su duka a allo ɗaya, sai ma'aikaci ya wayi gari da ɗaruruwan saƙonnin gargaɗi, yawancinsu na banza: ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, fanka ta ɗan yi zafi. Cikin mako biyu hannunsa ya saba da danna maɓallin kashe ƙara ba tare da ya karanta ba. Ranar da ta gaske ta zo, ita ma haka zai kashe ta. Wani babban aikin watannin gwaji shi ne tankaɗe waɗannan saƙonni har sai abin da ya rage ya zama wanda idan ya yi ƙara dole a miƙe.

Sai dai ina da ƙorafi a kan 'yan sa-kai, Allah Ya saka musu da alheri: sun cika ladabi. An ba su riga mai ƙyalli da ruwan sha, an yi musu bayani, sun san wasa ne. Idan aka ce su bi hagu, hagu za su bi. Fasinjan gaske yana sauri, kunnensa toshe da waƙa, yana jan akwati, zai sa ƙafa ya tare ƙofa don abokinsa ya iso, zai koma cikin tarago neman wayarsa ana tsakiyar fitar da mutane. Shi ya sa masu shirya atisaye da suka san aikinsu suke raba wa wasu 'yan sa-kai katin sirri: kai ka yi kamar ba ka jin harshen da ake sanarwa da shi, ke ki ce ɗanki ya ɓace, kai kuma ka ƙi sauka ka yi ta masifa. Kuma ba a gaya wa ma'aikata ranar da abin zai faru ba. Atisayen da kowa ya san lokacinsa da yadda zai ƙare, wasan kwaikwayo ne na manyan baƙi.

Masu filayen jirgin sama sun ba mu darasi a nan, kuma muna yawan ambatonsa. Kafin a buɗe sashe na biyar na filin Heathrow a Maris 2008, an yi gwaje-gwaje da dubban 'yan sa-kai. Ranar buɗewa, ma'aikatan kaya suka sha wahalar samun wurin ajiye mota, suka maƙale a layin binciken tsaro, wasu suka kasa shiga kwamfutar aikinsu. Kaya suka taru, aka soke ɗaruruwan jirage a kwanakin farko. An gwada yadda fasinja zai bi ta ginin, ba a gwada sosai yadda ma'aikaci zai iso bakin aikinsa da asuba ba. Tun daga nan, duk layin da na je sai na tambaya: direban jirgin farko, da me zai zo wurin kwanan jirage alhali jirgi bai fara tafiya ba, kuma wa zai buɗe masa ƙofa?

Maganar direba ta fi wannan nauyi. Sanin hanya ba ya samuwa daga taswira. Direba yana buƙatar ya bi layi sau da yawa, da rana da dare, ta kowace fuska, har jikinsa ya san inda zai fara taka birki kafin idonsa ya ga allo. Ranar 18 ga Disamban 2017, jirgin kamfanin Amtrak ya ɗauki fasinjoji karo na farko a wata sabuwar hanya a jihar Washington ta Amurka. Kusa da garin DuPont akwai kwanar da ba a wuce mil 30 a awa, jirgin ya shige ta da kusan mil 78, ya goce daga gada ya faɗo kan babbar hanyar mota. Mutum uku suka rasu. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta ƙasar ya nuna cewa direban bai samu isasshen horo a kan hanyar ba, sau ɗaya kacal ya taɓa tuƙi da kansa ta wannan fuskar, kan jirgin ma sabo ne a wurinsa, kuma na'urar da za ta taka birki da kanta idan an wuce ƙa'ida ba ta fara aiki a wurin ba. An buɗe hanya kafin mutum da na'ura su shirya. Akwai kuma kishiyar wannan matsala: idan aka horar da ma'aikata sannan buɗewa ta yi ta ja da baya, abin da suka koya yana dushewa, dole a sake.

Yanzu ga darasin da na fi so ka riƙe, domin duk sauran a kansa suke rataye. Gwaji yana da amfani ne kawai idan an yarda tun farko cewa ana iya faɗuwa, kuma an rubuta makin cin jarrabawa kafin a shiga ɗakin. Birnin Ottawa na Kanada ya buɗe layin Confederation, mai tsawon kilomita 12.5 da tashoshi 13, ranar 14 ga Satumban 2019, bayan jinkirin fiye da shekara guda. Gwajin ƙarshe na kwana 12 ne. An shiga da sharaɗin cewa jirage su cika kashi 98 cikin ɗari na tafiyar da aka tsara musu. Kwanakin farko suka zo da faɗuwa. Maimakon a tsaya a gyara a sake daga farko, sai aka koma wani tsohon ma'auni mai sauƙi, kashi 96 a kwana 9 daga cikin 12, aka kuma rage yawan jiragen da ake buƙata a lokacin cunkoso daga 15 zuwa 13. Da wannan aka ce layin ya ci. An kawo shawarar a fara da sassauci, a buɗe kaɗan-kaɗan, birnin bai karɓa ba. Motocin bas da ke bin hanya ɗaya da jirgin aka janye su bayan mako uku.

Abin da ya biyo baya mazauna birnin ba za su manta ba. Ƙofofi suka riƙa maƙalewa idan fasinja ya tare su, kwamfutocin jirage suna ɗaukewa, sanyin hunturu ya zo ya kama wuraren canjin layi da wayoyin wuta. A 2021 jirgi ya goce daga dogo sau biyu, a Agusta da Satumba, na biyun ya sa aka rufe layin kusan wata biyu. Gwamnatin lardin Ontario ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a William Hourigan, wanda ya fitar da rahoto a Nuwamban 2022 da shawarwari 103. Rahoton ya ce an gaggauta buɗe layin da bai kai ba, ya kuma zargi manyan jami'an birnin da ɓoye wa kansiloli gaskiyar yadda gwajin ya gudana. Sauri ya haifi nawa.

Ba na kawo wannan don in nuna wasu miyagu ne. Na zauna a irin ɗakin da ake yanke wannan hukunci, na san yadda iskarsa take. An riga an sanar da rana. Ɗan kwangila ba zai karɓi babban kuɗinsa ba sai an sa hannu cewa aiki ya kammala, kuma tarar jinkiri tana cinsa kullum. Shugaban siyasa ya yi alkawari a bainar jama'a. Ma'aikata sun gaji. Kowa a ɗakin yana da dalilin son a ce an ci, kuma koyaushe akwai injiniyan da zai iya kawo hujja mai kama da gaskiya cewa 96 ma ya isa. Wataƙila ma ya isa. Amma in haka ne, me ya sa ba a faɗa ba sai da aka ga 98 ta gagara? Maganin da na sani guda ne: wanda zai ce an ci ko an faɗi ya zama mutumin da albashinsa da kujerarsa ba su rataya a kan ranar buɗewa ba, kuma sakamakon kowace rana ya isa ga masu sa ido yadda yake. Ni ina ma ganin kada a sanar da takamaiman rana sai gwaji ya yi nisa. Masu layin Elizabeth, bayan sun sha kunya a 2018, sun koma faɗin tsakanin wata kaza da wata kaza, ba su ambaci 24 ga Mayu ba sai da ya rage kamar mako uku.

Kada ka ɗauka ana jira ne sai komai ya zama babu aibi. Babu layin da aka taɓa buɗewa ba tare da jerin gyare-gyaren da suka rage ba. Muna kasa su uku: wanda dole a gyara kafin fasinja ya shiga, wanda za a iya zama da shi na ɗan lokaci idan an sa mutum ya tsare wurin, da wanda zai jira. Haɗarin yana cikin kashi na biyu. Kowane ɗaya shi kaɗai mai sauƙi ne: wannan ƙofa sai an buɗe ta da hannu, wancan lasifika ba ya aiki sai a yi amfani da na hannu, wannan kyamara tana ɗaukewa sai a aika mutum ya duba. Idan suka kai hamsin a kan ma'aikacin tasha ɗaya, ranar tashin hankali ba zai tuna rabinsu ba. Don haka ba ɗaya-ɗaya ake duba su ba, tara su ake yi a tambaya ko ɗan Adam zai iya ɗauka. Haka kuma manhaja: duk sabon zubi da aka ɗora yana gyara abu goma ya ɓata biyu, don haka dole a sa ranar da za a daina taɓa ta, a bar layin ya yi makonni a kan zubin da za a buɗe da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne gwajin kansa yana kisa. A lokacin gwaji ana cire wasu matakan kariya da gangan, ana kai jirgi inda ba za a kai shi da fasinja ba. Ranar 14 ga Nuwamban 2015, jirgin gwaji na TGV, wato jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Faransa, yana bin sabon sashen layin gabashin Faransa, kusa da Strasbourg. Ana gwada shi da gudun da ya ɗara na ƙa'ida da kashi 10 cikin ɗari, don haka an kashe na'urar da ke hana wuce gudu. An makara wajen taka birki kafin wata kwana a Eckwersheim, jirgin ya goce yana gudun kilomita 243 a awa a inda ya kamata ya kasance a 176, wani sashensa ya faɗa cikin mashigin ruwa. Mutum 53 ne a ciki, 11 suka mutu. Cikin waɗanda ke jirgin har da baƙin da aka gayyato kallo, da yara, kuma ɗakin direba cike yake da mutane. Labarin bai yi amo sosai a duniya ba saboda ya faru washegarin harin da aka kai birnin Paris, amma a sana'armu ya canza yadda ake kallon jirgin gwaji. Duk wanda ba shi da aiki a ciki, ko waye shi, ya tsaya a ƙasa.

A Hong Kong kuma, cikin daren 18 ga Maris 2019, jirage biyu suka yi karo kusa da tashar Central ana gwada sabuwar sigina bayan an tashi aiki. Kuskure ne a manhajar kwamfutar ko-ta-kwana, wadda aka koma kanta a cikin gwajin, ta ba jirage biyu hanya ɗaya. Jama'a sun yi ta suka, kuma suna da hujja. Ni dai abin da na gani shi ne kuskuren ya fito da asuba a taragai marasa kowa. Da ba a gwada komawa kan kwamfuta ta ko-ta-kwana ba, da yana nan kwance yana jiran wata safiyar Litinin.

Duk da wannan, akwai abin da gwaji ba zai taɓa nunawa ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Wata shida ba sa nuna abin da shekara biyar za ta yi wa dogo. Layi na 12 na birnin Meziko an buɗe shi a 2012, a Maris 2014 aka rufe fiye da rabin tashoshinsa saboda yadda ƙafafun jirage ke cin dogo a kwanoni. Gwajin da aka yi da rani kuma ba ya ba da labarin hunturu. A Disamban 2009, shekara 15 bayan buɗe ramin da ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku, jiragen Eurostar biyar suka mutu a cikinsa a dare ɗaya da fasinjoji fiye da 2,000. Dusar ƙanƙara mai laushi ta shiga injinan a filin arewacin Faransa, da suka shiga ɗumin rami ta narke ta jiƙa kayan wuta.

Saboda haka ne masu hankali suke ɗaukar buɗewa a matsayin ci gaban gwaji, su buɗe da kaɗan. Layin Elizabeth ya fara da jirage 12 a awa tsakanin Paddington da Abbey Wood kawai, Litinin zuwa Asabar, aka bar Lahadi don gyara da ɗora manhaja. Tashar Bond Street ba ta shirya ba, aka buɗe layin ba tare da ita ba, ta biyo baya a Oktoba. Sai a Nuwamba aka haɗa tsakiyar da rassan gabas da yamma, cikakken jadawali mai jirage 24 a awa kuma sai Mayun 2023. Kowane mataki an ga ya zauna kafin a ɗora masa na gaba.

Idan kana so ka auna da kanka ko gwajin da ake yi a wani layi na gaske ne, ba sai ka zama injiniya ba. Ka lura ko jiragen suna wucewa a kan lokaci ɗaya kullum, da yawan da aka ce za a buɗe da shi, har da sassafe da dare. Ka lura ko ka taɓa ganin motocin 'yan kwana-kwana da na asibiti sun taru a wata tasha ba tare da an yi gobara ba. Idan jami'ai sun yi taron manema labarai, tambayar da ta fi "yaushe za a buɗe" amfani ita ce: mene ne makin da kuka sa, kwana nawa kuka faɗi, kuma wa ke sa hannu. Jami'in da ya ce ba su faɗi ko sau ɗaya ba, ni shi ne ke ba ni tsoro.

A safiyar da aka buɗe layin Elizabeth, 'yan awoyi da fara ɗaukar mutane, ƙararrawar gobara ta tashi a tashar Paddington. Babu wuta. Ma'aikata suka fitar da jama'a, aka duba, aka maido da su, jirage suka ci gaba da tafiya. Ma'aikatan nan sun riga sun yi wannan fitarwar a watannin da mutanen Landan ke tambayar abin da ka tambaya.